Angon Jan Dabinonmu

Mutanen da ke sayen dabino a kasuwar Gure yanzu ba su san dabino ba. Na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Suna sayen na kwali da kamiyo, manyan motocin kaya, ke saukewa daga arewa, mai sheƙi kamar an shafa masa mai, su tauna su ce daɗi. Zaƙi ne kawai a cikinsa. Ni na tashi a gindin wani dabino da idan ka ci ɗaya da safe, har azahar kana jin ƙamshinsa a maƙogwaro. Yau babu shi a duniya, kuma na san hannun da ya kashe shi, don da wannan hannun muka ci tuwo a akushi ɗaya.

Kwarinmu yana kan hanyar Bune, a tsakanin tuddan rairayi. In kana bisa tudu ba ka ganin komai sai yashi da kalumbo, tsiron nan mai tsinke-tsinke, sai ka gangara ka faɗa cikin inuwa da sanyi. A lokacin mahaifinmu ruwa yana kusa, rijiyar ba ta fi ka miƙa guga da gajeriyar igiya ba. Muna da rogo, da ɗan rake, da goruba a gefe, da dabino da yawa. Amma akwai guda ɗaya mace, doguwa, wadda kakanmu ya dasa. A gidanmu tsohuwa ake ce mata, kowa ya san wadda ake nufi. Ƴaƴanta ja ne wur tun suna ɗanye, in sun nuna sai su yi duhu kamar hanta, nama kauri, ƙwallo ƙarami.

Can bakin kwari ta gabas, inda iska ke shigowa, akwai namiji ɗaya. Shi Baba yake kira ango. Bai taɓa ba kowa ko ƙwayar dabino ba, namiji ai ba ya haihuwa. Mummuna ne ma, ya karkace, ga ƙaya kamar mashi. Baƙo ba zai kalle shi sau biyu ba.

Ban kai ga satifika, takardar gama firamare, a lakwal ba. Baba ya cire ni ya ce hawan dabino ya fi ƙarfin gwiwarsa, kuma wana ya riga ya tafi neman kuɗi. Malaminmu na boko, da muke ce wa Mushe, ya biyo ni har kwari yana faɗa, Baba ya cika masa ƙwarya da ƴaƴan tsohuwa, ya tafi yana tauna yana faɗan a hanya. Abin da na samu na karatu shi ne nake rubuta wannan da shi. Sauran karatuna a bisa itace na yi shi.

Aikin da ya fi kowane aiki a shekara shi ne aurar da dabino. Cikin sanyi ake yi, lokacin da furanni ke fitowa cikin kwansonsu. Kullum da safe Baba zai tsaya ƙarƙashin ango yana ɗaga kai yana shaƙar iska. Ranar da kwanso ya fara tsagewa, sai ya ce, “Hau.” In hau da igiya a ƙugu, in yanko, in sauko da shi a hankali kada garin ya zube. Gari ne fari kamar na gero, mai wani ƙamshi da ban san abin da zan kwatanta shi da shi ba. Baba ya tsattsage furen sili-sili, in ɗauka in hau tsohuwa, in cusa ƴan silin cikin kowane nono na furenta, kai ƙasa, in ɗaure da kaba. Yana ƙasa yana ta magana.

“Sassauta, kai! Aure na ce ka ɗaura, ba akuya ba.”

“Baba, in na sassauta iska za ta ɗauke.”

“In ka matse kuma ina ƴaƴan za su zauna? A kanka?”

Na taɓa tambayarsa me ya sa sai wannan karkataccen, ga mazaje birjik a kwarin maƙwabta, masu saukin hawa. Bai ba ni amsa da baki ba. A shekarar sai ya sa na aurar da nono ɗaya da furen wani namiji na maƙwabcinmu, ya ɗaura masa tsumma don mu gane shi. Da bazara ta yi nisa, duk nonon da ango ya taɓa ya nuna, muka yanke, muka shanya a tabarmi, ya bushe cikin zafin nan mai ƙona ƙafa. Mai tsumman yana nan ja, da tauri, yana jira. Hadari ya taso, ruwan farko ya sauka a kansa. Kafin mako ya zagayo ya tsattsage, ya yi tsami, ƙuda da zanzaro suka gama da shi.

“Ka gani?” in ji Baba. “Kowane namiji zai sa ta haihu. Wannan ne kaɗai ke sa ta riga ruwa.”

Duk abin ke nan. A ƙasarmu dabino da damina tsere suke yi. In dabino ya riga, ka ci shekara. In ruwa ya riga, ka ci haushi. Kakanmu ne ya gano wanda ya dace da wadda, bayan ya gwada mazaje da yawa, ya bar wa Baba, Baba ya nuna mini. Maƙwabta kan zo roƙon furen ango, Baba ya ba su, bai taɓa karɓar komai ba.

Busasshen kuwa Inna ke ajiye shi a tulu, ta liƙe bakin da laka. Ba a taɓa shi sai azumi ko babban baƙo. Da hantsi za ta jiƙa shi a ƙaramar randa, da la'asar ta murje ta tace da ƙyalle mai tsabta. Ruwan ya fito ja mai duhu, ya fi zoɓo kauri, ba a sa masa sukari ba a sa masa komai. Doka ɗaya ce a kansa: ba ya kwana. Abin da ya rage bayan isha'i a ba maƙwabta ko a zuba wa tumaki, don in ya kwana ya fara kumfa ya kama hanyar zama abin da Allah ya hana.

Wata shekara wani Bature na furoje, masu aikin raya karkara, ya zo auna rijiyoyi, da tafinta. Zafi ya kusa kashe shi, Inna ta aiko masa da jiƙon a ƙoƙo. Ya kurɓa, bai haɗiye ba, ya riƙa juya shi a baki yana lumshe ido, har na ɗauka ƙuda ne ya faɗa ciki. Sai ya ce ta bakin tafinta, a garinsu danginsa inabi suke nomawa a gefen wani tudu, irin da ba ya yi a ko'ina sai nan, su matse su yi jar giya da shi. Ya ce an sha zuwa ana ce wa kakansa ya tumɓuke ya dasa irin zamani mai yawan ƴaƴa, tsohon ya ƙi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

“Gaya masa kakansa mutum ne mai hankali. Abin da yake yi da ruwan ne dai Allah ya shirye shi.”

Bature ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce in da za a bar wannan a randa wata guda, da an ga abin mamaki. Baba ya ce, “Da an ga wuta dai.” Suka rabu suna son juna. Ni kuwa abin da ya zauna mini shi ne, ashe har a ƙasar da ba a salla akwai mai tsayawa a kan itacen ubansa.

Ƙwallon dabino ba ya maido uwarsa. Ka shuka na tsohuwa, ya fito namiji ko ya fito wata banza mai ƴaƴa kamar tsakuwa. In kana son ita kanta, sai ka cire ƴar da ta toho a gindinta ka dasa. Tsohuwa ta daɗe da daina toho, amma a ƙarshen rayuwar Baba Allah ya ba ta guda ɗaya. Muka jira ta yi ƙwari, muka raba ta da uwar da ƙarfe mai kaifi, muka dasa ta kusa da rijiya. Baba yana zaune a ƙasa don ba ya iya tsayuwa, yana tura ƙasa da tafin hannu. Ango kuwa bai taɓa yin toho ba a sanina. Shi kaɗai ne.

Da Baba ya rasu, wana ya dawo daga Libiya. Aka tara malam da dattawa rabon gado. Yadda ake yi a wurinmu, a ja igiya a raba ƙasa, a ƙirga itatuwa masu haihuwa a daidaita. Namiji ba ya shiga ƙirga, kamar yadda ba a ƙirga kututture. Tsohuwa da ƴarta suka faɗo a rabona. Gefen gabas ya faɗa a na wana, da ango a ciki. Na ɗaga murya na ce a duba wannan. Wani dattijo ya ce, “Yaro, za mu sa itacen da ba ya ba da komai a ma'aunin gado?” Wana ya dafa kafaɗata a gaban mutane.

“Haba ƙanena. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ka hau shi duk ranar da ka ga dama, wa zai hana ka?”

Wana ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Ya sha wuya a can, ya dawo da haƙori biyu a karye, da mata da ƴaƴa suna jiransa. Ya zo da injin ban ruwa da tiyo mai tsawo, ya ce zamanin guga ya wuce. Albasa yake so ya yi, da yawa, a loda a kai Damagaram. Ya sare gorubar da ke gefensa, ya baje ƙasa, ya yi fangali. Injin ya riƙa kuka tun asuba, warin isansi, man da yake sha, ya cika kwarin da a da ƙamshin laima kawai ake ji.

Cikin sanyin shekara ta gaba na tafi Gamu ta'aziyyar wani surukina, na kwana can. Da na dawo na hau tudu, na tsaya. Wani abu ya canza ban gane ba. Sai na ga sarari a gabas, fili fetal, inda idona ya saba karo da karkataccen kai. Ban san yadda na gangara ba. Yana kwance, an riga an datse kan, mutum biyu suna tsaga gangar jikin da gatari da turaku. Wana yana tsaye yana nuna musu.

“Yaya, me ka yi?”

“Lafiya kake haki? Sannu da hanya tukuna.”

“Na ce me ka yi!”

“Itace na sare a gonata. Inuwarsa tana kashe mini albasa, ƙayarsa ta huda mini tiyo ba sau ɗaya ba. Ga ɗaki ina ginawa ba abin rufi. Me yake ba mu?”

“Ango ne, Yaya. Angon tsohuwa.”

Masu gatarin suka tuntsire da dariya. Ɗaya ya ce, “To Allah ya ba ta haƙurin takaba.” Wana ma ya murmusa, ya ce, “Kai da Baba duk ɗaya kuke. Mazaje sun ƙare a ƙasar Gure ne? Je kwarin kowa ka yanko fure, in ka rasa ni zan biya maka mota. Ƴaƴana albasa za ta ciyar da su, ba ƙamshin fure ba.”

Na yi masa bayanin tsere da ruwa, na ba shi labarin nono mai tsumma. Ya saurara rabi. Shi bai taɓa hawa ba, yana can lokacin da ake nuna mini. Ya ce camfi ne na tsofaffi, dabino rana ce ke nunar da shi. Ban zage shi ba, wana ne. Na je inda aka jefar da kan, na tona cikin ƙaya da hannu har jini ya wanke mini yatsu, na ciro ƴan kwanson fure da suka kusa buɗewa. Da su na aurar da tsohuwa a shekarar. Ragowar na shanya a inuwa na zuba a gora na toshe, shekara ta gaba na yi amfani da shi, ya kama kaɗan, ya ƙare. Jan dabino na gaskiya na ƙarshe ke nan. Inna ta sha jiƙonsa a azuminta na ƙarshe, wannan kam na gode wa Allah.

Daga nan na shiga yawo. Babu kwarin da ban taka ba tsakanin Gure da Bune ina roƙon fure. Na gwada na wannan, na gwada na wancan, ina ɗaura tsumma kala-kala don in gane. Duk suna sa ta haihu. Babu mai sa ta riga ruwa. Shekarar da damina ta makara in samu rabin abu, shekarar da ta zo da wuri in tsaya ina kallon nonna suna ruɓewa a sama, tsami yana sauko mini. Sai na koma yankewa tun bai gama nuna ba, in shanya shi haka. Ja ne a ido, amma a baki bauri, jiƙonsa kuma salam. Na shuka ƙwallayen shekarar ƙarshe ko Allah zai sa wani ya gado uban. Na jira su shekaru. Mazajen da suka fito na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Babu.

Albasar wana ta yi kyau shekarun farko, har ya sayi babur. Maƙwabta suka gani, kowa ya kawo nasa injin. Rijiyata ta fara gudu ƙasa, ina ƙara igiya ina ƙara yasa. Sai wani farin gari ya fara fitowa a kan fangalin wana, kanwa ta taso, albasa ta koma kamar ƙwan zabo. Ta ƙofar da ya buɗe a gabas kuma, inda goruba da ango suka tare iska tun zamanin kakanmu, rairayi ya shigo. Ba da gudu yake zuwa ba. Yau ya ci fangali ɗaya, baɗi ya ci shinge. Wana ya sayar da injin ya koma cikin gari ya buɗe tebur. Ni ya bar ni da tudu yana tahowa.

Tsohuwa ta mutu a tsaye. Saiwarta ta kasa cim ma ruwa, rassan suka bushe daga ƙasa zuwa sama, wata safiya na ga kan ya langaɓe. Ban sare ta ba, iska ce ta kayar da ita daga baya. Ƴar ce ta rage, ita nake ɗauko wa ruwa da jaki, ina kafa mata shingen kalumbo, rairayi ya binne in sake kafawa.

Ni da wana muna gaisawa a masallacin Juma'a da wurin suna. Ba mu ƙara maganar ba. Bara waccan ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Damagaram aka dawo da shi, kowa ya gane abin da dawowar take nufi. Azumi ya kama. Matarsa ta zo gidana da kanta, ta durƙusa ta ce ya ƙi cin komai, abu ɗaya yake ambato, jiƙon nan na Inna.

Matata ta jiƙa mafi kyawun abin da muke da shi na ƴar tsohuwa, ta tace, na ɗauka na tafi gab da magariba. Yana kwance rigingine a ɗakin nan da ya gina, ya rame har ban so na kalle shi ba. Malamai sun ce ya sha azumin, ya ƙi. Da aka kira salla na tallafo kansa na kai masa ƙoƙo baki. Ya kurɓa, ya riƙe, ya haɗiye da ƙyar.

“Ƙanena, ba wannan na ce ba. Na tsohuwa nake so.”

“Tsohuwa ta mutu, Yaya. Wannan na ƴarta ne, jini ɗaya ne.”

“A'a. Na Inna yana da wani ƙamshi. Yana sauka har nan.” Ya taɓa ƙirjinsa. “Ko matarka ce ba ta iya ba?”

“Ta iya. A hannun Inna ta koya.”

“To me ya same shi?”

Na yi niyyar in yi shiru, Allah ya sani. Amma idona ya riga ya tafi sama, nasa ya bi nawa. Ga su nan a jere bisa kanmu, tsagin gangar dabino, hayaƙi ya baƙanta su, ɗaya a karkace don ba yadda magini bai yi ba ya ƙi miƙewa. Shekara da shekaru yana kwana yana tashi a ƙarƙashinsu. Ya daɗe yana kallo.

“Shi ne?”

“Shi ne.”

“Da gaske ne ashe, maganar ruwan.”

Ya miƙo hannu ya karɓi ƙoƙon da kansa, ya shanye sauran duk da baurin, yana sha hawaye yana gangarowa cikin kunnensa. Ya ce, “Babu wani irinsa ko'ina?” Na ce na duba. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, kuma na yafe ɗin, wana ne. Sai dai yafewa ba ta sa dabino ya nuna. Bai ga salla ba.

Bana ƴaƴansa suka rushe ɗakin za su yi na siminti da kwano. Na biyo ta wurin na tarar an watsar da itatuwan rufin a bakin hanya, matan unguwa suna shirin kwashewa su hura wuta. Na ce a bar mini. Babban ɗan ya ce, “Baba ƙarami, gara ta cinye su, me za ka yi da su?” Na ce ba ruwanka. Na ɗauko amalanke na loda, na bi hanyar Bune da su, mutane suna kallona.

Na haƙa rami a gabas da ƴar tsohuwa, daidai inda rairayi ke turowa, na kafa su a tsaye, na saƙa kalumbo a tsakaninsu. Karkataccen na sa a tsakiya. Ba zai ƙara yin fure ba, kuma ita ba za ta taɓa haifar abin da uwarta ta haifa ba. Ƴaƴana ba su san ɗanɗanon ba, in na ba su labari sai su ce kowane tsoho haka yake cewa. Amma iska in ta taso yanzu a jikinsa take tsayawa, kuma da na je shekaranjiya rairayin bai kai gindinta ba.